Layi na Bakwai a Farin Allo

Litinin, 3 ga Maris

Tun ina aiki na taɓa jin wai a tarukan masu buɗaɗɗiyar manhaja akwai wani farin allo da ake jinginawa a bango da safe. Duk wanda ya rubuta sunansa a kai, a miƙa masa makirfo na minti biyar, ba a tambayarsa ɗan wane ne ko me ya karanta. Dogo ne ya fara gaya mini, abokin aikina a ɗakin kwamfutoci. Dogo kuwa in ya ce maka ana ruwa, gara ka leƙa taga. Ban yarda ba. Daga baya an sake gaya mini, nan ma ban yarda ba.

Yau na tuna da zancen don likita ya ce idon hagu ya kusa sallama, na dama kuma ya ba shi shekara guda, in ya yi kirki. Na ce to. Ya tsaya yana jira in ƙara wani abu. Na karɓi takardar na fito.

Alhamis, 6 ga Maris

Shekara goma sha tara ke nan da na rubuta 'yar manhajar nan ta ba da aron littafi, don Malama, matata, ta gaji da katunan kwali a ɗakin karatun makarantarsu. Ni na gina cikinta. Ita ta rubuta littafin koyon amfani da ita, ta raɗa wa kowane maɓalli suna. Maɓallin mayar da littafi ta sa masa “Ya dawo lafiya”. Na ce wannan ba sunan maɓalli ba ne, ta ce to ai ba ni zan danna ba.

Muka sake ta a buɗe: kowa ya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya turo mana gyaran mu duba. Yau ƙananan ɗakunan karatu da ban san adadinsu ba da ita suke aiki. Mabuɗin karɓar gyara kuwa mutum biyu ke da shi. Ɗaya wata bakwai ke nan da rasuwarta. Ɗayan ba ya ganin ƙananan haruffa.

Gyara goma sha huɗu ke jira. Ban buɗe ko ɗaya ba. Tara na Tsintsiya ne, wani da ya shekara shida yana share mana kurakurai da wannan laƙabin. Ban san ko namiji ne ko mace ba. Malama ce mai amsa wasiƙu.

Lahadi, 9 ga Maris

'Yata Auta ta biyo daga asibitin da take aiki, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta karanta takardar likitan a tsaye.

“Baba, magaji za ka nema.”

Na ce a wane shago ake samun su.

“A taro. Ka je ka tsaya gaban mutane ka ce ga abu, wa zai riƙe.”

Ta buɗe mini shafukan taruka uku masu neman masu jawabi, ta ƙara girman rubutun har kalma huɗu suka cika layi. Wai ni da kakata ta yaye ni da tatsuniya, ni ne mai tsoron makirfo? Na ce ba tsoro ba ne. Ta ce to mene ne? Na ce ta rage mini hasken kwamfutar.

Talata, 18 ga Maris

Taro na farko na son bayani cikin kalma ɗari biyu. Na rubuta dubu da ɗari huɗu. Kakata ba ta taɓa fara labari daga tsakiya ba. Sai mun ji wanda ya haƙa rijiyar, da dalilinsa, da halin matarsa, kafin a zo kan wanda ya faɗa ciki. Ni ma daga kwalin katuna na fara. Na liƙa a akwatin, na tura.

Laraba, 19 ga Maris

Ashe akwatin da kansa yake yanke rubutu a kalma ta ɗari biyu. Ban gani ba. Abin da ya isa gare su ya tsaya daidai inda Malama ta shigo ofishina da kwali a ka, tana faɗa.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Sun ƙi. Ɗaya daga masu tantancewa ya rubuta: labarin ya yi daɗi, amma wace manhaja ake nufi? Tambayarsa na kan hanya.

Taro na biyu na da ƙa'ida: a cire sunan mai jawabi da na duk wanda ya sa hannu a aikin, don kada masu zaɓe su yi son kai. Dabara ce mai kyau, ban ga laifinta ba. Nawa na cire shi nan take. Nata na goge, na mayar, na goge, na mayar. A na huɗu na rubuta “wata ma'aikaciyar ɗakin karatu”. Kalma ɗari da casa'in da ɗaya. Na tura.

Shayin ya huce a kofi. Na sha a haka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na ba shukokinta ruwa, har da wadda ta bushe.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na biyu ma sun ƙi, cikin ladabi, wai masu nema sun yi yawa. Na uku sun rufe karɓa tun kafin in kai gare su. Na duba cikina ko zan ji wani abu. Shiru.

Da la'asar Dogo ya kira. Wai za a yi wani ƙaramin taro a zauren kwalejin fasaha ranar goma ga wata mai zuwa, kuma akwai allo.

Na ce, “Dogo, shekara ashirin ba ka gaji da ƙaryar allon nan ba?”

“Wallahi da idona na gani.”

“Idon da ka ga shugaban sashe yana kuka da shi?”

“Kai dai zo, tsohon banza. In babu allo, ni zan kwanta ka rubuta a bayana.”

Asabar, 10 ga Mayu

Akwai allo.

Yana jingine kusa da teburin rajista, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da kwali. An ja layi takwas, shida sun cika. Na rubuta a na bakwai, da manyan haruffa har na ci rabin na takwas. Dogo na bayana yana tari irin na mai gaskiya.

Bayan cin abincin rana aka fara. Wata mata na zaune a gaba da agogo da 'yar ƙararrawa. Masu magana kamar ana korarsu, ba sallama ba gaisuwa, hoto na bin hoto. Na biyar ma numfashi bai yi ba, ina jin.

Da aka zo kaina na gai da masu shiri, na gai da mai agogo, na gai da waɗanda suka riga ni. Minti ɗaya ya tafi. Na shiga labarin kwali. Ba na ganin fuskoki, sai duhu-duhu jere a kan kujeru, wanda ya sauƙaƙa abin. Na faɗi yadda Malama ta dire kwalin a kan teburina, katuna suka watse, ta ce ko in yi mata magani ko in zo in jera su da kaina. Aka yi dariya. Sai na ji na faɗi sunanta, cikakke, a makirfo. Wata tara ban furta shi ba. Ya fito daga lasifika ya fi ƙarfin yadda na sake shi. Na ce ta rasu bara.

Ƙararrawa ta kaɗa. Aka hau tafi. A wurinsu tafin nan kora ce mai ladabi, ba a dainawa sai ka sauka. Na sauka. Ina kan matakala ta biyu na tuna ban ce ina neman magaji ba. Ko kalma ɗaya.

Na fita baranda na zauna a benci. Wata mata ta zo ta tsaya a gabana, za ta yi shekara hamsin, da jakar kwamfuta da igiyarta ta tsinke aka ƙulla.

“Baba, ina wuni. Ni ce Tsintsiya.”

Ita ke kula da ɗakin karatun wani asibiti, inda masu doguwar jinya ke aron littafi. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, “Ban san ta rasu ba. Wasiƙa biyar na rubuta mata. Na ɗauka laifi na yi.”

Ban sanar ba. Ko a raina bai zo ba cewa akwai waɗanda ya kamata a sanar a shafin manhajar ma.

Na ce, “Idona na tafiya. Ina neman wanda zai riƙe mabuɗin.”

“Shi ka zo faɗa?”

“Shi.”

“To, Baba, ai da shi za ka fara.”

Na ce haka Malama ma take cewa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na ba ta mabuɗin. Minti biyu abin ya ɗauka, bayan shekara goma sha tara. Ta waya ta riƙa karanto mini gyare-gyaren ina cewa karɓa. Goma sha uku sun shiga. Na goma sha huɗun wani ne ke son a mai da “Ya dawo lafiya” ya koma “Mayarwa”, wai ya fi tsari. Tsintsiya ta ce ta riga ta ƙi shi, marasa lafiyarta na son danna wannan maɓallin da hannunsu.

Na rubuta sanarwar rasuwar a shafin manhajar. Layi uku. Na fara da abin da ya faru.

Alhamis, 15 ga Mayu

Tsintsiya ta turo jerin taruka huɗu, biyu ta intanet ake yi, ɗaya na da allo. Na ce mata aikina ya ƙare. Ta ce to.

Da safe na ɗauko agogon kicin na ajiye a gabana, ba don komai ba, don in ga ko yana tafiya daidai. Minti huɗu da daƙiƙa arba'in, har da kwalin, har da gaisuwa guda ɗaya. Auta ta shigo ta same ni ina yi wa kujeru magana. Ta koma da baya a hankali, ta ja ƙofa.

Zancen allon nan, na rubuta a farko cewa an sake gaya mini. Sau ɗaya ne. A teburin nan, mako biyu kafin a kwantar da ita, tana shafa gam a bayan wani littafi, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Injiniya, allon nan fa akwai shi. Ka je ka rubuta. Minti biyar dai za su ishe ka gaisuwa.” Na ce Dogo ya cika mata kunne.

Wadda ta gaya mini daga ƙarshe Malama ce.