Shirun Kurmi

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na gandun daji. Yaya sauro, yaya kuma bayan nan naka? Direbanku ya ce har yanzu waya ba ta shiga sansaninku, shi ya sa na koma wa biro da takarda.

Dazuzzukanka uku suna nan inda ka bar su. Tun ranar da ka raba wa yaran nan sunayen dazukan da ka yi aiki a ciki, ba mai kiran su da sunan yanka. Babban, Dajin Ƙaya, ya ci sunansa. Jiya ma ya dawo daga makaranta da yagaggiyar riga, wai wasu ne ke ɓata wa ƙanwarsa suna. Na matsa masa, ya dunƙule kamar bushiyar da ka ce ita ce dabbarsa. Auta kuwa, Fadama, bakinta ba ya hutawa. Sai ka ce kwaɗi da tsuntsayen da ka ce su ne dabbobinta duk sun tare a ɗakin nan, har maƙwabciya ta buga mana bango.

Ta tsakiyar ce, Kurmi, sai a hankali. Tun zazzaɓin da ta yi kafin tafiyarka shirunta ya ƙaru. Sai in kira in sake kira, tana bakin taga tana zanen birai. Na yi mata faɗa, mahaifiyarka ta ce in ƙyale ta, ai ubanta ma ya ce kurmi ce, mai duhu, mai ɓoye cikinta. Kurmi ta roƙa ka ɗauko mata kukan dajinta a waya, ka ba direba katin wayar.

Kowa yana gaishe ka.

Matarka,
Uwar 'yan daji

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ka lafiya. Mu dai sai godiyar Allah, amma daga bencin asibiti nake rubuta maka.

Mai babur ne ya buge Kurmi a bakin layinmu. Kada hankalinka ya tashi a kan wannan, ƙujewa ce kawai a gwiwa. Mutumin ya rantse ya yi ta danna oda ba ta waiwayo ba, masu shago suka shaide shi. Likita ya haska kunnuwanta, ya koma bayanta ya tafa hannu. Ina kallon fuskarta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya ce zazzaɓin nan ne ya taɓa jinta. Na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, kuma da an kawo ta da wuri da akwai abin yi.

A nan Dajin Ƙaya ya fashe da kuka. Ashe ba Kurmi 'yan ajinsu suke ce mata ba, kurma suke cewa. A kan haka yake dambe kullum. Yaran mutane sun gane, mu muna gida muna yabon halinta.

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba. Kai ne ka taɓa gaya min, tun muna sabon aure, cewa babu dajin da ya kai kurmi surutu: birai, aku, gyare, kowa da nasa. Ka ce in kurmi ya yi tsit, ma'aikaci tsayawa yake, don akwai damisa ko maharbi a kusa. Don me ka ba yara rabin labarin? Kafin zazzaɓin nan yarinyar mai waƙa ce a wurin wanke-wanke. Ka manta, kamar yadda kowa ya manta.

Ka nemi izini ka zo, ko ta ji muryarka kafin na daman ya rufe.

Matarka

Maigida,

Ina gaishe ka. Takardarka ta iso, na kuma ji ruwa ya cinye hanyarku, sai da direba ya ɗauko saƙo a ka ya haye. Allah Ya sa tarin da ka ambata ya sake ka. Na ga inda hawayenka suka jiƙa tawada, ban ƙara jin haushinka ba.

An sallame mu. Fadama ta rage surutu, abin da ban taɓa zaton zai dame ni ba. Dajin Ƙaya ya daina dambe, yanzu shi ke riƙe hannun ƙanwarsa a titi.

Katin da ka aiko na sa shi a waya, na ƙure ƙara. Kai, ɗakin nan ya cika! Birai na ihu, aku na ta zuba, can ƙasa ga muryarka kana kiran ta da sunanta na yanka. Maƙwabciya ba ta buga bango ba, shigowa ta yi ta zauna.

Kurmi ta karɓi wayar da hannu biyu, ta manna a kunnen dama, ta daɗe. Ta mayar na hagu. Sannan ta miƙo min tana murmushi, ta ce in rubuta maka ta gode, kuma Baba ya faɗi gaskiya, dajinta shiru ne kamar ita.

Ban gaya mata cewa dajin nata cike yake da surutu ba. Wannan na bar maka, in ka zo.

Allah Ya buɗe hanya, Ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Uwar 'yan daji