Inna a Tsakiyar Dam

Daren Asabar, Bodinga

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Yau muka kai Inna shan iska dam ɗin Shagari. Tun da aka tare ruwan nan ba ta taɓa shiga kwalekwale ba, sai yau da jikokinta suka matsa mata. Da muka kai tsakiya ta ce wa matuƙin, "Tsaya, ɗana. Nan ƙasa munka yi kiwo ina yarinya." Sai ta ɗaga murya ta yi kiran shanu irin na da. Samari masu ɗaukar hoto suka fara dariya. Can bakin gaɓa kuwa, shanun wani makiyayi suka bar shan ruwa, suka ɗago kai gaba ɗaya. Uwata ke nan.