Ku Auna Numfashin Maigidana Tun Yana Iya Magana

Zuwa ga Shugaban Sashen Cututtukan Jijiyoyi na asibitin da ke duba maigidana a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Hajara, matar Malam Sabi'u, manomin rani a wani ƙauye kusa da Bunkure. Likitocinku ne suka gano yana da ciwon da ke kashe jijiyoyin motsi. Sun gaya mana ba ya warkewa, mun karɓi ƙaddara. Sun kuma ce idan ƙirjinsa ya raunana akwai na'urar da ake sa wa mutum a fuska ta taya shi numfashi. A kanta nake rubutu, kuma raina a ɓace yake.

Na farko. Duk zuwanmu, likita zai ce masa ya jiki, Malam ya ce da sauƙi, a rubuta magani, a kira na gaba. Ranka ya daɗe, kai ma Bakano ne. Yaushe ka taɓa jin dattijo ya amsa wannan gaisuwa da wata kalma? Mutumin da ƙwari suka cinye masa tumatir kaf ya ce an gode Allah, shi zai kai ƙarar ƙirjinsa? Gaisuwa aka yi, ya amsa. Ba a auna komai ba.

Na biyu. An ce mu dawo idan ya fara haki. Haki ai sai mai tafiya, shi kuwa tun girbin shinkafa bai taka bakin kwatar ban-ruwa ba. Ga abin da nake gani: ba ya iya kwanciya rigingine, sai na jingina shi da buhu. Yana tashi da ciwon kai kullum. Yana gyangyaɗi da loma a baki. Na faɗa wa likita, ya ce zafi ne. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni gefe ta ce waɗannan su ne alamomin, kuma na'urar ta fi amfani idan an fara da wuri.

Na uku. An ce ƙauye ba wuta. Mun san da haka kafin ku. Ƙannensa sun ciro solar injin ban-ruwa daga gona, sun kafa a kan rufin ɗakinsa, sun haɗa batir. Albasarmu ta bana ta bushe saboda haka, kuma ba wanda ya yi da-na-sani.

Roƙona shi ne a auna numfashinsa, a zaune da kuma a kwance. A nuna masa na'urar, a gaya masa amfaninta da wahalarta cikin Hausa. A riƙa tambayar masu jinya abin da suke gani a gida, ba mu kaɗai ba.

Ban ce na'ura za ta ƙara masa kwana a kan abin da Allah ya rubuta ba. Yana iya gwadawa ya ce ba ya so, hakkinsa ne. Amma muryarsa tana tafiya, yanzu sai na kai kunne bakinsa. Ba na so ranar da za ku tambaya, ya zama ni ce zan amsa a madadinsa ina kirdado.

Zan kawo shi mako mai zuwa, ko an ba mu rana ko ba a ba mu ba, kuma ba zan ɗauke shi daga kan bencinku ba sai an auna.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarka lafiya, ya raba ka da ganin naka a wannan hali.

Wassalam.

Hajara, matar Malam Sabi'u.