Kujerar Kawu Ta Faɗa Hannun Baƙonmu

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa daga Gure. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya jikin maiɗakinka? Mu nan sai godiya.

An yi zaɓen majalisar gari, kuma har yau kaina bai ɗauka ba. Duk gidanmu jam'iyyar Kawu Isa muka jefa wa, don ya yi alkawarin kawo famfo unguwarmu. Jam'iyyar ta samu kujera biyu, amma Kawu bai shiga ba. Wai ba mutum muka zaɓa ba, jerin sunaye ne, biyun farko ne suka shiga, shi kuma na uku. Na biyun Bukar ne, mutumin Kelle da marigayi Baba ya saukar a zaurenmu. An sa shi gaba saboda baƙin sabuwar unguwa suna bayansa. Ashe da hannuna na ɗora shi.

Yanzu Kawu ya ce duk wanda ya kai wa Bukar maganar famfo ya daina gaishe shi, shi Kawun. Matanmu kuwa suna nan suna ta sintiri zuwa rijiya.

Ka gaida yara, ka sa mu a addu'a. Jiya Bukar ya zo gaisuwa, ya durƙusa kamar da. Ni ma sai na ga na durƙusa.

Ƙanenka,
Sani