Daga Goma Zuwa Uku

Kebbe, 4 ga Maris

Yaya Batula,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da maigida da yara da mutanen Tambuwal. Yaya ƙafar Goggo?

Raina a ɓace nika rubuto miki. Kin san tun da ɓarayi suka kore wa Kawu Na'iya shanu bakwai cikin goma, barci ya ƙaurace masa. Ni na lallashe shi ya taso daga Fakku ya ga likitar da nake yi wa tafinta. Maganinta magana ce kawai: a rufe ido, ta yi ta lallashi har hankali ya kwanta tsakanin barci da farke.

Takardar da ta ba ni in karanta ta ce a ƙirga daga goma a sauko ɗaya. Na ƙirga. Ina cewa uku Kawu ya zabura yana salati. Yaya, wa ke yi wa makiyayin da aka yi wa sata ƙirgen raguwa?

Ranar Alhamis na bar takardar. Na kira masa ukun da suka rage da sunayensu, Kyalla da Guntuwa da Jar-goshi, suna shigowa garke da yamma. Hankalinsa ya fara kwanciya. Likita ba ta ji lamba ko ɗaya ba, ta dakatar da ni daga aiki, wai na ɓata tsari. Kawu ya rantse ba zai koma ba.

Na duba littafina na aikin tafinta sau fuɗu. Ko laifina ne? Na san ya kamata in gaya mata zancen shanun tun farko, kwarjininta ya hana ni.

Ƙaninki,
Gazali

Kebbe, 19 ga Maris

Yaya Batula,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi?

Na rubuta wa likita bayani shafi biyu. Ta karanta, ta mai da ni aiki, har ta hau babur zuwa Fakku ta ba Kawu haƙuri. Ya dawo, kuma matarsa ta ce yanzu sai an tashe shi sallar asuba. Alhamdulillahi.

Amma ji abin haushi. An buga sabuwar takarda, wai ta mutanen Kebbe, da sunayen shanun Kawu a ciki, kowa ita za a karanta wa! Jiya aka kawo Atu mai ɗinki, wadda saniya ta taɓa tunkuya, har yau ko ɗan maraƙi ba ta kusanta. Na ninke takardar na sa aljihu, likita na kallona, na tambayi Atu inda hankalinta ya fi kwanciya.

A gaida kowa.

Ƙaninki,
Gazali