Abin Da Ban Gani Ba Daga Kan Tsamiya

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu, da waɗanda ake karanta wa a gindin bishiya. Don Allah don Annabi kada a buga sunana. Sunayen da za ku gani a nan ma duk na sauya su, don in aka gane ni, wasiƙata ta gaba daga lahira za ta iso muku. Ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku fara tsine mini. Tsinuwa kam na tara wa kaina wadda za ta ishe ni har tsufa, shawara ce ba ni da ita.

Ni yaro ne ɗan Illela, ina ajin ƙarshe a firamare, kuma tun da na fara magana bakina bai taɓa hutawa ba. In na ga kaza ta tsallaka hanya, kafin in kai gida ta zama jimina, ta ture raƙuma, ta kori mai unguwa. Ina kwaikwayon tafiyar mutum da muryarsa har matarsa ta amsa sallama. Abokaina suna kirana Rediyo. Ban taɓa ɗaukar wannan laifi ba, ai dariya ce, wa dariya ta taɓa kashewa? Haka nake cewa a da.

Ina da kawu, yayan innata, zan kira shi Kawu Arzika. Masunci ne a tafkin Kalmalo, yana ɗingisa ƙafar hagu tun yana saurayi. Mutum ne da in ya ce maka kifin jiya ne, to na jiya ne, ko da kai ka yarda na yau ne. Shi ya tsaya aka sa ni boko lokacin da babana ya ƙi. To da zaɓe ya gabato, jam'iyya ta tashi tsayar da wanda zai nemi kujerar majalisar ƙasa da ke Ikko, wato Legas, mutum biyu suka fito. Akwai Malam Ladan, tsohon malamin makaranta, wanda mutanen bakin tafki ke so don ya yi alkawarin kai kukansu kan hanyar mota. Akwai kuma Alhaji Maigoro mai motoci, wanda manya ke so. Ba kowa ke zuwa wurin tsayarwar ba, kowane gari wakili guda yake aikawa ya ɗauki bakin kowa. Mutanen Kalmalo suka taru suka zaɓi Kawu. Suka sa ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gaban Liman, ya rantse bayan Malam Ladan zai tsaya.

Ran tafiya Gwadabawa, inda za a yi tsayarwar, na maƙale a motar wakilai, ba wanda ya gayyace ni. A hanya na ce, "Kawu, ashe kai ka zaɓen shugaban ƙasa? To ka zaɓe ni mana." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai yaro, ji nan. Kalmalo ta aike ni in tsaya bayan Malam. Malam in ya ci babban zaɓe shi tafi Ikko, can su taru da 'yan uwansa su zaɓi babban. Ni ɗan aike ne. Yau ƙafar ga ba tawa ba ce, ta mutanen Kalmalo ce, inda sunka ce ta tsaya nan za ta tsaya." Ya bubbuga ƙafarsa ta dama, mai lafiyar.

A wani gida mai dogon bango aka yi taron, wakilai kaɗai ake bari su shiga. Yadda ake yi, ɗan takara ya fuskanci bango, ba shi da ikon waiwaye, wakilai su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. A waje kuwa Alhaji ya sa an yanka raguna, ƙamshin gashi ya cika garin har karnuka suna layi su ma. Ni ina zan iya zama ban ga abin da ake yi ba? Na haye wata tsamiya da ke jikin bangon. Kawu yana shiga ya ɗaga kai ya gan ni, ya kaɗa mini yatsa. To ko gyara zama ban gama yi ba wani ƙato mai tsaron ƙofa ya hango ni, ya zo da bulalar dorina, ya zuba mini ɗaya a gadon baya wadda har yau in na tuna sai na ji ɗanɗanonta a baki. Na saki reshe, na faɗo cikin farantin wata mai ƙosai, ita ma ta bi ni da matsami. Na ruga na shige ƙarƙashin mota, ban fito ba sai da na ji ana buga ganguna. Alhaji ya ci. Wallahi ban ga layi ba, ban ga ƙirga ba, tayar mota kawai na gani.

Kowa ya san waɗanda suka yi wa Malam alkawari sun isa su ba shi nasara, ke nan wasu sun zame. Su wa? A motar komawa kowane wakili takalminsa yake kallo.

Washegari da hantsi a teburin mai shayi na bakin tasha abokaina suka kewaye ni. "Rediyo, an ce ka hau tsamiya, mi kag gani?" Yanzu ku gaya mini, in ce musu an zane ni na faɗa cikin ƙosai? Ni Rediyo? Sai na miƙe na gyara riga. Na fara tafiyar Kawu, ɗingishi da komai, na nufi layin Malam ina jan carbi. Sai na tsaya na shaƙi iska, na ce ƙamshin rago ya bugi hancinsa. Na sa ƙafar dama ta fara karkata da kanta, ina riƙe ta da hannu biyu ina cewa da muryar Kawu, "Ke ƙafa, ji tsoron Allah, Kalmalo ta aike ki!" ita kuwa tana ja na, tana ja na, har ta kai ni layin Alhaji. Aka fashe da dariya, mai shayi ya ƙona hannunsa, wani ya faɗo daga benci. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, na ji kamar an naɗa ni sarauta. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Nomau mahauci, shugaban 'yan bangar Malam, wanda wuyansa ya fi cinyata kauri. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Rediyo, da idonka kag gani?" Nan ne Allah ya buɗe mini ƙofar fita, ni kuwa na rufe ta da kaina. Na ce, "Da idona biyu, har da na aro." Aka sake dariya. Nomau ya tashi ya tafi.

Kafin Lahadi labarin ya kai Amarawa, ya kai Tozai, ya dawo Illela da ƙarin da ba ni na yi ba. Har wani ya ba ni shi, wai Alhaji ya ba Kawu cinyar rago a cikin layi. Ba wanda ya ƙara tuna daga bakin wa ya fito.

Ran kasuwa Kawu ya kawo busasshen kifi. Ina tsaye ba nisa, a rumfar masu tabarmi, sai ga Nomau da yaransa da kulake. Ba sallama. Ɗaya ya shure kwandon, kifi ya watse, ɗaya ya fizge rawanin Kawu ya shaƙe shi da shi. Suka kayar da shi. Na ji yana cewa, "Nomau, lafiya? Na dafa Alƙur'ani fa! Wa yag gan ni?" Nomau ya ce, "An gan ka, maci amana. Wace ƙafa ce tak kai ka?" Suka danne shi, suka miƙe ƙafar dama a kan turmin wata mai fura, Nomau ya ɗaga kulki da hannu biyu. Ƙarar da na ji irin ta busasshen itace ce in an taka shi. Kawu bai yi kuka ba, salati ya yi, sai jini ta baki don ya ciji harshensa. Suka ci gaba da dukansa a haƙarƙari da kai har ya daina motsi. Kasuwa cike take da mutane, ba wanda ya matsa. Ni fa? Ni da ke da bakin da ya fi na kowa, me na ce? Na cusa kaina cikin naɗaɗɗiyar tabarma, fitsari ya kubce mini. Wannan ban ƙara masa komai ba, yadda ya faru ke nan.

Daga nan suka wuce Kalmalo suka ƙone komarsa da tarunsa na kamun kifi, suka fasa jirginsa da gatari. Ɗansa Bello, wanda muke kwana ɗaki ɗaya in na je hutu, ya ɗauki adda ya iske Nomau a mahauta, ya kai masa sara a wuya, Allah ya sa ya goce, ta ɗauke kunnen hagu ta tsaga kafaɗa. Bello ya tsallaka iyaka ya shige Ƙonni. Yaran Nomau suka huce a kan rumfunan mutanen Alhaji, mutanen Alhaji suka rama, aka fasa wa wani tsoho mai gyaran keke kai, shi da bai san ma an yi taro ba. Duk wannan daga kofin shayi ɗaya.

Abin da ya fi dukan ciwo shi ne abin da mutane ke cewa yanzu. Wai ba Nomau ya karya Kawu ba, rantsuwa ce ta kama shi, shi ya sa ƙafar da ta saɓa ita ta karye. Mata sun daina ɗibar wuta a gidansa. Waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa ranar da suka zaɓe shi, yanzu in sun zo ƙofarsa sai su sauya hanya. Za ku ce ina sauran wakilan, ba sun ga inda ya tsaya ba? Sun gani mana. Amma wanda ya zame yana murna an sami mai ɗaukar kayansa, wanda bai zame ba yana tsoron in ya wanke Kawu a ce to faɗi wanda ya yi, ya ja wa kansa kulki. Malam Ladan kuwa bango yake kallo, bai san wa ke bayansa ba.

Na raka Inna duba shi. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Na tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yaro na, matso." Na matsa ina jiran ya tofa mini yawu. Sai ya kama hannuna. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka da rashin jin maganarka. Ran nan na yi niyyar in mun koma in ja kunnenka don hawan tsamiya, ashe Allah ne ya aza ka can. Liman ya kira zama ran Juma'a bayan an sauko. Kai kaɗai ne shaidata. Ka ga inda ƙafar ga tat tsaya. Ka dafa Littafi ka faɗa musu, Bello shi dawo gida." Inna tana kuka tana shafa kaina. Na ce to. Me zan ce?

A hanyar komawa, Inna ta tsaya gaisawa da wata, sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Nomau ne, kansa naɗe da tsumma. Ya ja ni bayan wani rumbu, ya zaro wuƙar fawa ya ɗora mini ita a leɓe, sanyinta har cikin haƙorina. Ya ce, "Ran Juma'a za ka maimaita abin da kac ce gaban Liman, da Littafi a hannunka. In ko ƙarya kay yi, na karya dattijo a banza, na rasa kunne a banza, to harshen ga zan ɗauka madadin kunnena."

Na gwada gaya wa Inna. Tana tankaɗe na durƙusa na ce, "Inna, akwai maganar da zan faɗa miki game da tsamiyar nan." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Don Allah Rediyo, ba yau ba. Yau ba ni da dariya."

To ga inda nake. In na rantse na ga Kawu a layin Alhaji, na kashe shi da sauran ransa, kuma na dafa Littafi a kan ƙarya, ni da na ga yadda ake cewa rantsuwa na kama mutum. In na rantse na gan shi bayan Malam, zuciyata ta yarda can ya tsaya, ko shakka ba na yi, amma idona bai gani ba, ita ma rantsuwar ƙarya ce, kuma Nomau yana jira a ƙofar masallaci. In na ce ban ga komai ba, ni na ƙirƙira don a yi dariya, wa zai yarda da Rediyo ranar da ya faɗi gaskiya? Kuma Kawu zai rasa shaidarsa, ya san wanda ya karya shi a lokaci guda. Na yi tunanin gudu Ƙonni, sai na tuna Bello yana can da addarsa.

Malamai masu karatu, akwai kaffarar da ke ɗora ƙashi? Iyaye, in ɗanku ne ya zo muku da wannan, ta ina kuke so ya fara? In je wurin Liman ni kaɗai kafin zaman, ko Kawu ya fi cancanta ya fara ji daga bakina? Jiya Kawu ya aiko mini da busasshen kifi, ragowar wanda aka tsince daga ƙasar kasuwa, wai in ci in sami ƙarfin murya ran Juma'a. Yana nan a ƙarƙashin tabarmata, na kasa ci, na kasa zubarwa. Don Allah, me zan yi?