Ɗorawar da Hafsatu ta Zana

Daren Alhamis, tsakiyar damina. Sabon Gari, Wudil.

Tun ranar da aka ba su dogon hutu ban yarda da aikin gidan nan na Hafsatu ba. Yarinya 'yar aji biyar, wai ta zana gonar gidansu, ta nuna iyakokinta. Ina ruwan makaranta da iyakar gonata? Ga shi kowa ya san surukin malamin nasu dillalin filaye ne. Hutu aka ce, a bar yara su huta mana.

Na ce kada ta yi, uwarta ta ce zargi ya yi mini yawa. Shi ne yau ta bi kakarta Inna zuwa ƙauyenmu Indabo, inda gonar take.

Ɗazu ta kawo mini zanen tana ta murna. Ta yi ƙoƙari, har rijiyar ta sa. Sai dai ta jawo ɗorawa cikin gonata.

Na ce, "Nan kin yi kuskure, ɗorawar a ɓangaren Baffanki Sani take."

Ta ce, "A'a Baba, Inna ce ta kama hannuna ta nuna mini. Ta ce marigayi Kaka da kansa ya dasa gamba a bayan bishiyar, can ne iyaka."

Tun rasuwar mahaifinmu, Yaya Sani ke noma kasonsa da nawa, ni ina kasuwa. Ban taɓa zagaya gonar ba. Ya kawo mini buhuna, in yi ta godiya.

Malamin dai na ƙyale shi. Gobe da sassafe zan je neman gambar, in ba a riga an tuge ta ba.